Namijin Maganin Ɗangana

A Tungar Mamuda, can bakin tafkin Kainji tsakanin Yelwa da Wara, zamanin da takardunmu duk Sakkwato ake kai su a sa hannu, an yi wani mutum ana ce masa Ɗangana. Ɗan masunta ne gaba da baya, amma da ya sa ƙafa a jirgi sai jiri ya ɗebe shi, don haka ya yanke hukuncin cewa kamun kifi bai dace da mai ilimi ba. Ilimin nasa kuwa wata uku ne da ya yi yana shara a wani shagon sayar da magani a Yelwa, kafin mai shagon ya gaji da ganinsa yana duba marasa lafiya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ya sallame shi. Ya dawo mana da farar hula, da alƙalami biyu a aljihu waɗanda ba sa rubutu, da wata kalma da ta hana mu sakat: "mu likitoci".

Likitan gaskiya da muka sani shi ne Malam Shu'aibu, malamin asibiti, wanda yake zuwa daga Yelwa a kan babur duk bayan mako biyu, ya shimfiɗa kayansa gindin mangwaron ƙofar Maigari Gidaɗo. Wata Alhamis ya zo da labari. Ya ce gwamnati tana so kowane ƙauye ya fitar da mutum ɗaya, a koya masa wanke rauni da ɗaure shi, a ba shi akwatin magani da keke sabo fil. Ya ce mu yi shawara, in ya dawo Alhamis ta sama mu nuna masa mutuminmu.

Bai rufe baki ba Ɗangana ya miƙe, ya kama gemunsa.

"Ranka shi daɗe, a huta da shawara. In keken ga bai kwana zaurena ba, a aske wanga geme da ɓawon kwalba, babu ruwa babu sabulu."

Maigari ya ce, "Mun jiya. Zamna."

Ana cikin haka aka shigo da Idi masunci yana ɗingishi, yayarsa Indo tana riƙe da kafaɗarsa. Indo kuwa ita ce matar Ɗangana. Ƙayar kifin kurungu ce ta soke Idi a tafin ƙafa kwana uku da suka wuce, wurin ya kumbura ya tara ruwa. Nan da nan maza suka matso suka yi da'ira, domin a tungarmu kallon zuba aidin, maganin nan mai raɗaɗi, a rauni ya fi kallon kokawa. A nan ake sanin namiji. Wanda ya yi ihu, shekara guda yana shan tsiya a bakin ruwa.

Idi ya cire hularsa ya cusa a baki, ya runtse ido. Malam Shu'aibu ya wanke hannu, ya zare guntun ƙayar, ya buɗe wata kwalba mai ruwan ƙasa ya yi ta kwarara wani ruwa garai-garai a kan raunin. Ya goge, ya sake kwararawa. Aka yi tsit ana jira.

Can Idi ya buɗe ido ɗaya, ya zare hular daga baki. "Malam, ba ka hwara ba?"

"Na gama."

Wallahi mutane sun ji haushi. Wani tsoho ya yi tsaki ya ce an tashe shi daga gyaran koma a banza.

Malam Shu'aibu ya yi dariya ya ce, "Sunansa haifokulorus. Irinsa jinin jikinku yake haɗawa da kansa in ƙwayar cuta ta shiga. Yana kashe ƙwayar, ya bar naman ya warke. Ɗan kulorin ne kaɗan a ruwa mai yawa, da wata hoda da take kwantar masa da faɗa, kuma da ma'auni muke haɗa shi a asibiti. Ba ya son rana, ba ya son a daɗe da shi."

Ya miƙa wa Indo kwalbar, ya ce safe da yamma, a wanke hannu tukuna, a dafa ƙyallen ɗauri. Indo ta maimaita masa sau ɗaya, ta naɗe kwalbar a gefen zane.

Babur na juya baya Ɗangana ya hau kan turmi.

"Jama'a, kun gani da idonku! Wanga ba magani ba na, ruwan alwala na. Mu likitoci mun san sirrin, surka shi suka yi don rowa. Maganin da bai sa ƙato ya kira innatai ba, ina shi ka samun ƙarhin kashe cuta? Ku ba ni kwana goma sha huɗu. Nasu mace na, ni namijin za ni haɗa muku."

Abin haushi, rabin mutanen wurin sun gyaɗa kai, har da ni.

Abu na farko da ya yi, kafin ma ya taɓa magani, shi ne zuwa gidan maƙwabcinsa Sallau ya aro babbar rigarsa ta shuɗi, wadda marinan Yelwa suka rina suka buga har tana ɗaukar ido, wai da ita zai karɓi keke. Sallau mutum ne mai sanyin hali, yana da jaki ɗaya da sana'ar tara ɗanyen kifi. Ya miƙa rigar yana cewa a kula masa da ita, ta aurensa ce.

Kulorin kuwa Ɗangana ba sai ya nema ba. Tun shekarar amai da gudawa aka bar mana gwangwanin hodar zuba wa rijiya, aka damƙa masa ajiya saboda ya ce shi kaɗai ke iya karanta abin da ke jikin gwangwanin. Ƙa'idar da aka gaya mana, cikin kwalin ashana ɗaya ya ishi rijiya guda. Ɗangana ya jawo rabin duro tsakar gida, ya cika da ruwa, ya juye rabin gwangwanin, ya ɗauko muciyar Indo ya hau tuƙi.

Kaji ne suka fara ficewa. Sannan akuya ta tsinke igiya. Indo ta fito daga ɗaki tana tari, hannu a hanci.

"Malam, mi kaka dahwawa haka?"

"Ilimi."

"To iliminka ya kore kaji. Kuma muciyata ta, da ita nika tuƙa tuwon da kaka ci."

"Ke dai kawo mani ƙyalle in tace."

Bai jira ta ba ya jawo zanenta baƙi na saƙi daga kan igiya, ya ɗaura a bakin tulu ya fara tacewa. Kafin tulu ya cika, tsakiyar zanen ta koma ja, ta koma ruwan ɗorawa, ta koma fari tas. Indo ta ɗaga zanen ta duba ta gaba ta duba ta baya.

"Zanen da innata ta bar mani."

"Kin gani ko? Shekara nawa kina ɗaura datti ba ki sani ba. Dubi yadda ya hito da shi."

Indo ta ninke zanen. Ta ɗauki kwalbarta mai ruwan ƙasa daga bayan randa, ta tafi wanke ƙafar ƙanenta. Shi kuma ya tsaya yana shafa gemu da jiƙaƙƙen hannu yana jin daɗin kansa. Washegari gemun ya wayi gari ja kamar gashin masara. Ya ce wa masu tambaya alama ce ta manyan likitoci, Turawan asibiti duk haka nasu yake.

Saura majinyaci. Ya zaga tunga kwana biyu da kwalba a hannu yana leƙen ƙafafun mutane. Masunci ba ya rasa rauni, amma duk wanda ya shaƙi bakin kwalbar sai ya ce ai nasa ya warke jiya. Rana ta uku ya hangi jakin Sallau a ɗaure gindin aduwa, da ɗan gyambo a gadon baya inda mangala ta goge shi.

"Sallau, jakinka na da rabo. Shi za ya hwara shan namijin magani, kuma kyauta."

Sallau ya ce, "Da ka bari, toka nika sa mishi."

"Toka! Ana ga likita ƙohwar gida kana toka."

Ya tuttula. Jakin ya yi shiru kamar mai tunani, sannan ya saki wani kuka da ban taɓa jin irinsa a bakin dabba ba. Ya tumɓuke turke, ya yi harbi biyu a iska, ya bi ta kan tabarmin da mata suka shanya ƙananan kifi, ya ture bandar kifi guda, ya ratsa tsakiyar masu gyaran koma ya ja koma ɗaya a wuya, bai tsaya ba sai cikin tafki. Nan ya tsaya, ruwa iya wuya, yana kallon tunga. Sai la'asar aka lallashe shi ya fito, kuma daga ranar in ya hangi farar hula sai ya juya mata baya ya daidaita ƙafa.

Mata suka taso da zage-zage. Ɗangana ya ɗaga hannu.

"Ku dubi gudu! Jakin da ba shi iya kai mangala bakin kasuwa sai an tura shi. Wane magani na gwamnati ya taɓa sa jaki gudu haka?"

Sallau ya ce, "Ɗangana, don Allah ka hita harkata."

Da ya ji wannan magana, da an zauna lafiya. Amma Ɗangana mutum ne mai son gyara abin da ya ɓata, kuma gyaransa ya fi ɓarnarsa ciwo. Sallau yana da wani tsohon jirgi da ya jingine a bakin ruwa, ya cika shi rabi da ruwa, a ciki yake tara tarwaɗa da kurungu da rai har ranar da motar 'yan kasuwa za ta zo, domin mai rai ya fi daraja. Kowane yaro a tunga ya san ruwan wannan jirgi ba a taɓa shi, duhunsa shi kifin yake so. Ɗangana ya bi ta wurin da hantsi, ya leƙa, ya ga ruwa baƙi ƙirin yana wari.

"Kai, bayin Allah, cikin wanga ƙazanta kuka zamne? Bari in yi ma Sallau alheri shi huce."

Ya koma gida ya ciko bokiti da namijin magani.

Ruwa kam ya yi haske, har kana ganin ƙusoshin jirgi. Kifin ma kana ganinsu sarai, domin duk sun taso sama sun juya fararen cikinsu. Tarwaɗar da ake sara da adda tana motsi, ga ta kwance ko wutsiya ba ta kaɗawa. Ɗangana ya ga abin ya fi ƙarfin bayani, ya tattare wando ya faɗa jirgin zai kwashe su ya ɓoye a cikin ciyawa. Taku na biyu ya ɗora tafin ƙafarsa a kan ƙayar kurungu.

A haka Sallau ya same shi, ƙafa ɗaya a sama, tarwaɗa biyu a hammata.

"Inna lillahi! Kihin mako guda!"

"Sallau, tsaya ka ji. Abin da ya kashe tarwaɗa, ƙwayar cuta wace ce?"

"Ni ƙwayar cuta nika saidawa? Ba ni rigata!"

"Rigarka tana nan lahiya cikin adaka. Alhamis ina karɓar keke, kai za ka hwara hawa."

Sallau ya kai ƙara wurin Maigari. Maigari ya ce a bari Alhamis ta zo, a yi mai gaba ɗaya.

Kwana huɗun da suka rage Ɗangana ya yi su a zaure, wai yana nazari. Gaskiyar magana ƙafa ce ta kumbura kamar gwaza. Ya ɗaure ta da tsumma ya cusa a takalmin roba. Indo ta leƙo da kwalbarta.

"Malam, akwai saura. Kawo in wanke maka."

"Da ruwan alwala? Allah shi kiyaye."

"To ga naka nan cike da tulu."

"Nawa na manyan raunuka na. Wanga ƙwarzane na."

"Ƙwarzanen da ka hana mu barcin rana da nishi?"

Ya ce ta fita ta ba shi wuri, tana katse masa tunani.

Ranar Alhamis tunga ta cika gindin mangwaro, har da mutanen tungayen maƙwabta da labarin jaki ya kai musu. Malam Shu'aibu ya iso, bayansa motar asibiti ɗauke da keke, baƙi mai ƙararrawa, ledarsa ma ba a cire ba, da akwatin katako mai jan kuros, alamar asibiti. Sai ga Ɗangana ya taho cikin rigar shuɗi, jan gemu a gaba, yana tafiyar ƙasaita don kada a gane ɗingishi. A aljihun rigar ya sako kwalbar namijin magani, ya toshe bakinta da totuwar masara.

Ya fara jawabi. Ya yi maganar wata ukunsa a Yelwa, wanda a ranar ya zama shekara uku. Yana cikin bayanin yadda wani Bature ya taɓa neman shawararsa, mutane suka fara nuna ƙirjinsa. Wani farin tabo ne ya ɓullo a kan aljihu, kamar kwabo, ya zama kamar faifai, ya fara gangarowa ƙasa.

Sallau ya miƙe tsaye a hankali. "Rigar aurena."

"Zamna, Sallau, ado na."

"Jakina. Kihina. Rigata. Ɗangana, mi na yi maka a duniya?"

Sai da mutum uku suka riƙe shi. Malam Shu'aibu ya karɓi kwalbar, ya kai hanci, ya yi baya da sauri yana tari.

"Wa ka zuba wa wannan?"

Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Jaki!"

"Alhamdu lillahi da ba mutum ba. Wannan ai wankin masai ake yi da shi. Ina Idi?"

Idi ya fito yana takawa daram. Ya zauna ya ɗaga ƙafa, aka kwance ƙyalle fari tas. Rauni ya rufe, sai ɗan jan tabo. Malam Shu'aibu ya danna, ya sake dannawa, ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Idi ya nuna yayarsa da ke can baya cikin mata, ɗaure da zane mai farin tsakiya.

Ɗangana ya ga keke yana nisa da shi, ya daka tsawa. "Sa'a ta! Da nawa anka sa, kwana biyu ya warke. Ku kawo mai rauni yanzu ku ga aiki!"

Babu wanda ya motsa. Sai Indo ta ɗaga murya daga baya, a natse.

"Ranka shi daɗe, akwai mai rauni. Shina cikin takalmin roba na dama."

Maigari ya dubi ƙafar, ya dubi mai ita. "Ɗangana, tuɓe."

"Ranka shi daɗe, likita ba shi yi ma kainai magani. Doka ta."

Wani daga cikin taro ya ce, "Wanzami ba ya son jarfa!" Wuri ya ɗauki shewa. Sallau ya ƙwace daga hannun masu riƙonsa, ya ce shi zai taimaka a cire takalmin, ai maƙwabci ne. Aka cire. Ƙafa ta fito suntum tana ƙyalli.

Ɗangana ya dubi keke. Ya dubi kwalbarsa. Ni da nake kusa na ga gumi yana bin jan gemun nan, kuma na ji tausayinsa, domin mutumin nan da gaske yake son keken. Kafin Malam Shu'aibu ya kai hannu ya hana, ya fizgi kwalbar ya ɗiga ɗigo uku a kan raunin.

Hanyar da jaki ya bi, ita ya bi. Ta kan tabarmin kifi, ta gefen banda, ta tsakiyar koma, yana kiran innarsa da ta rasu shekara ashirin da suka wuce, rigar Sallau tana tashi a bayansa. Mutumin da ko jirgi ba ya shiga, sai ga shi tsulum a tafki har wuya. Malam Shu'aibu ya biyo shi bakin ruwa yana cewa ya zauna a ciki tukuna, a karo na farko ya yi abin da ya dace.

Da aka tsamo shi aka zaunar a kan turmi, Maigari bai ko tambayi jama'a ba.

"Malam Shu'aibu, rubuta Indo."

Mata suka rangaɗa guɗa. Sallau ya ce to a kawo ɓawon kwalba, akwai gemun da aka yi alkawarinsa. Maigari ya ce a'a, rantsuwar mutum ita ce keke zai kwana a zaurensa, kuma ga dukkan alamu can zai kwana. Sai dai makullin sarƙar ɗaure keken yana hannun Indo.

Malam Shu'aibu ya ciro sabuwar kwalba mai ruwan ƙasa ya miƙa mata. "Bismilla, ga majinyacinki na farko a gaban hukuma."

Maza suka matso suka yi da'ira kamar yadda aka saba. Indo ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta durƙusa, ta ɗora ƙafar mijinta a kan cinyarta. Ɗangana ya duba fuskoki, ya ga duk wanda ya taɓa yi wa wa'azin magani mai zafi yana nan yana jira. Ya san in ya yi shiru, maganarsa ta mutu har abada. Sai ya runtse ido, ya cije leɓe, ya kwarma ihu.

"Wayyo! Wayyo zahi! Kun ji ko, jama'a? Sun ji shawarata sun ƙara mishi ƙarhi! Ai na hwaɗa muku, mu likitoci..."

Indo ta jira har ya ja numfashi. Sannan ta ɗaga kwalbar sama yadda kowa zai gani, murfinta a rufe gam.

"Malam, ban buɗe ba tukuna."